Yadda Ake Shirya Wasan Kirsimeti na Yara: Jagora ga Malaman Makarantar Lahadi da na Firamare

Kowace shekara, da zarar Nuwamba ta kama, majami'u da makarantun Gidan Waya da Godogodo da Kafanchan sukan ɗora wa wani matashin malami nauyin shirya wasan kwaikwayon yara na Kirsimeti. Kowace shekara kuma kurakuran iri ɗaya ne. A kwafo wasan Turawa daga intanet, cike da ƙanƙara da barewar da ke jan keke. A ba yaro ɗan shekara 7 dogon Turanci ya haddace. Ranar wasa ya fito ya zuba shi kamar karatun jarrabawa, kansa a sunkuye, kakarsa tana zaune a benci na uku ba ta san abin da jikanta yake faɗa ba. An sha wahala, an kashe kuɗi, amma ba wanda ya koma gida da wani abu a zuciyarsa.

A Ingila suna da wasan yara na lokacin Kirsimeti da suke kira fantomaim. Suna gina shi a kan tatsuniyoyinsu da waƙoƙin renonsu, 'yan kallo kuma suna sa baki, suna yi wa mugu ihu, suna gargaɗin jarumi. Abin da ya sa yake armashi a can shi ne yaransu sun san taurarin waɗannan tatsuniyoyi tun suna goye. Dabarar ce abin ɗauka a wurinsu. Taurari kuwa muna da namu: Gizo da Ƙoƙi, Kura, Zomo, Dila malamin daji, Kunkuru, da Zaki sarkin dawa. Ga yadda nake shirya irin wannan wasa, da dalilin kowane mataki.

ABUBUWAN DA AKE BUKATA

Mutane:
- Mai shirya wasa guda ɗaya, wanda maganarsa ce ta ƙarshe, da mataimaka manya aƙalla 2, mace da namiji.
- Yara 15 zuwa 30, daga shekara 5 zuwa 13.
- Makaɗa 2 ko 3. Iyayenmu na Zumuntan Mata sun fi kowa iya tulu da caki, kuma ba sa ƙin taimako idan an roƙe su da ladabi.
- Mai tuni, wato wanda zai zauna a gaba da takardar wasa a hannu.

Kaya:
- Littafi Mai Tsarki na Hausa da Littafin Waƙoƙi.
- Buhuna, kwalaye, tsofaffin zannuwa, tsumma, tsofaffin safa, igiyar rama, ƙwarya da tabarma.
- Gawayi, farar ƙasa, man kaɗanya, da sitacin rogo da aka dama don manna kwali.
- Allura da zare, almakashi, labule 2, fitilu masu caji.
- Bokitin ruwa da na yashi, da ruwan sha na yara.

Izini: na fasto ko fada da dattawan ikilisiya, ko na hedimasta idan a makaranta ne, sannan na iyaye.

MATAKI NA 1: NEMI IZINI KAFIN KA KIRA YARO KO ɊAYA

Je wurin Baba Fasto ko Fada da takarda guda mai ɗauke da taƙaitaccen labarin, da ranar da kake so, da tsawon wasan. Faɗa masa ƙarara cewa akwai Gizo da Kura a ciki. Majami'unmu ba ra'ayinsu ɗaya ba: abin da zai wuce a wata ikilisiyar Katolika ko Angilikan yana iya tayar da magana a wata ta ECWA ko Baftis, wani lokaci ma a cikin ɗariƙa ɗaya dattawan wannan gari su yarda, na wancan su ƙi. Idan an ce ba a so a yi ɓangaren raha a cikin majami'a, kada ka ja. Fitar da shi harabar coci ko ajin makaranta. Malamin da ya ɓoye abin da ke cikin wasansa sai ranar gwajin ƙarshe dattawa suka gani, shi ne ake soke masa rabin wasa saura kwana 2, yara su yi ta kuka.

MATAKI NA 2: TSAYAR DA RANA, KA ƘIRGO BAYA

Kana bukatar mako 6, saboda haka fara a farkon Nuwamba. Lokacin yana da cunkoso. Ana haƙar citta, ana girbin shinkafa da dawa, yara da yawa suna gona ranar Asabar. Farkon Disamba kuma jarrabawar zangon farko ce. Gwaji sau 2 a mako ya isa, awa ɗaya kowanne, ɗaya bayan sujadar Lahadi, ɗaya da yammacin wata rana a tsakiyar mako. A makon jarrabawa a huta.

Ranar da ta fi dacewa ita ce Lahadin da ke gabanin Kirsimeti, ko 26 ga Disamba lokacin da 'yan'uwa daga Kaduna da Jos da Abuja suka cika gari. Kada ka kai shi 1 ga Janairu, domin ranar ce ake bikin Afan a Kagoro, jama'a da yawa can suke nufa. Tambayi iyaye tun farko wane yaro ne zai yi tafiya ƙauye. Idan ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya ne suke taimaka maka, san ranar da za su tafi gida, kada ka ɗora wani muhimmin aiki a kan wanda ba zai kai ranar ba.

A yi wasan da rana, a tashi kafin faɗuwar rana. Duk wanda ya ga Disambar 2016, lokacin da aka sa dokar hana fita a ƙananan hukumomin Jama'a da Kaura da Zangon Kataf, ya san abin da ya sa iyaye ba sa son ɗansu ya kai dare a waje. Girmama wannan tsoro nasu.

MATAKI NA 3: RABA WASAN GIDA BIYU

Nan ne zuciyar aikin. Kashi na farko tatsuniya ce, minti 20, ta dariya da ihu. Kashi na biyu labarin haihuwar Yesu ne, minti 15, cikin natsuwa. Waƙar rufewa minti 5. Jimla minti 40. Abin da ya wuce haka, ƙanana sun fara kuka, manya sun fara duba waya.

Kada ka gauraya su. Na ga wasannin da Gizo ya shiga Baitalami yana ciniki da Yusufu. An yi dariya, amma yaro ɗan shekara 6 ba shi da hanyar gane inda ƙirƙira ta tsaya, inda bangaskiyar iyayensa ta fara. Tatsuniya da kanta takan faɗa maka cewa ita ƙanzon kurege ce. Bishara ba haka take a wurin mai bi ba.

Abin da zai haɗa kashi biyun shi ne Kaka, mai ba da labari. Ita za ta buɗe da "Ga ta nan, ga ta nanku," yara su amsa. Idan tatsuniya ta ƙare ta rufe da ƙurunƙus, a ja labule. Sai ta ajiye sandarta ta ce: "Jikokina, wancan tatsuniya ce. Wanda za ku ji yanzu kuwa a rubuce yake." Daga nan wani yaro ya buɗe Littafi Mai Tsarki a gaban jama'a. Wannan ɗan motsi yana koyar da abin da dogon wa'azi ba zai koyar ba.

MATAKI NA 4: GINA TATSUNIYAR

Fara da tambayar yaran su ba ka tatsuniyoyin da suka ji a gida. Za ka sha mamakin abin da ɗan Bajju da ɗan Atyap da ɗan Ham da ɗan Nikyob za su kawo, sau da yawa labari ɗaya ne da dabba daban. Idan kana son ƙari, nemi jerin littattafan Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya. Amma gina naka labarin da zai kai ga Kirsimeti.

Ga misali. Dabbobin dawa sun tara shinkafa da kaza don su dafa wa marayu ranar biki. Gizo ya ce shi ne zai yi gadi. Cikin dare ya kwashe rabi, ya barbaɗa ƙwayoyin shinkafa har ƙofar Kura. Ƙoƙi ta gargaɗe shi, ya ƙi ji. Zaki ya zauna shari'a, kowa ya yarda Kura ce, domin an san halinta. Sai Zaki ya juya ga 'yan kallo ya tambaye su wanda suka gani. Asiri ya tonu, Gizo ya dawo da buhu, Kura ta yafe masa, aka ci tare.

Labarin yana da abubuwa 3 da kowane wasan yara ke bukata: laifin da ido ke gani, sirrin da 'yan kallo suka sani amma 'yan wasa ba su sani ba, da ƙarshen da ya shirya zukata don kashi na biyu, wato gafara da kyauta. Sa wurare aƙalla 4 da za a bukaci bakin jama'a. Gizo yana laɓe da buhu, Zaki yana nema, yara suna ihu: "Ga shi nan a bayanka!" Zaki ya juya ta inda ba shi ba. Kada ka hana wannan ihun, shi ake nema. Sai dai ka tanadi alamar yin shiru: makaɗi ya buga tulu sau 3, kowa ya kame. Kaka ta koya wa jama'a alamar tun farkon wasa.

MATAKI NA 5: RUBUTA LABARIN HAIHUWA DAGA TUSHE

Buɗe Luka sura 2, aya 1 zuwa 20, da Matiyu sura 2, aya 1 zuwa 12, ka karanta da idonka kafin ka rubuta komai. Yawancin masu shirya wasa daga hoton kati suke ɗauko labarin. Luka ne ya kawo ƙidayar jama'a a zamanin Kaisar Augustas, da komin dabbobi, da makiyaya. Matiyu ne ya kawo tauraro da Hirudus da masana daga gabas. Matiyu bai ce masanan su 3 ne ba, kyaututtukan ne iri 3: zinariya da lubban da mur. Wannan ya ba ka damar sa yara 5 ko 6 a ayarin. Mai masaukin nan da ake nuno shi yana kora su da tsawa, Luka bai ambace shi ba. In za ka sa shi, kada ka mai da shi mugu ko abin dariya. Kisan yaran Baitalami kuma a bar shi, ba na dandalin ƙanana ba ne.

Bar mai karatu ya ɗauki nauyin labarin, 'yan wasa su nuna shi da jiki. Haka zai rage hadda, ya kuma tsare maganar daga ƙari.

MATAKI NA 6: ZAƁI HARSHEN DA KAKA ZA TA JI

A yankinmu Hausa ce ke haɗa kasuwa da coci, ita za ta zama ƙashin bayan wasan. Amma ka buɗe wa harsunan gida ƙofa. Makiyaya su gaisa da Jju ko Tyap, Kunkuru ya yi ƙorafi da Hyam, a yi amshin wata waƙa da harshen Kagoro. Ka lura da fuskar tsofaffi lokacin da jikansu ya furta harshen gida a gaban taro. Turanci yana iya shiga bakin Dila, tun da shi ne mai nuna ilimi.

Ƙa'idar rubutu ita ce, kowace magana kada ta wuce numfashi ɗaya na yaro. Kuma kada ka miƙa takarda a makon farko. Ba su labarin da baki, ka ce su yi shi da kalmominsu, kai kuma kana rubuta abin da ya fito da daɗi. Yaron da ya san abin da ake ciki, ko ya manta kalma zai ƙirƙiro wata. Wanda ya yi hadda kawai, kalma ɗaya ta kuɓuce masa, ya tsaya cik.

MATAKI NA 7: RABA MATSAYI DA ADALCI

Nan ake ɓata wa yara rai, ɓacin ran da sukan girma da shi. Kada Maryamu ta zama 'yar fasto ko 'yar mai kuɗi kowace shekara, kada kuma a zaɓe ta don hasken fata. Yara suna gani, suna kuma fahimtar abin da ake gaya musu game da kansu. Zaɓi mai natsuwa. Gizo kuwa ba wa yaron nan da ya fi kowa damun aji, za ka ga ƙiriniyarsa ta zama baiwa.

An san Gizo da tsamin baki, amma kada ka ɗauki yaro mai in'ina ko tsamin baki na gaske don a yi masa dariya. Kada a kwaikwayi gurgu ko makaho ko karin harshen wata ƙabila. Makiyayan Baitalami su ne aka fara yi wa albishir, saboda haka a nuna su da daraja, ba da ba'a ga Fulani ba. Hirudus ya sa kambin kwali, kada a naɗa masa rawani ko kayan da za su yi kama da na wani sarki ko wani addini na kusa. Maƙwabtanmu Musulmi sukan zo kallo, 'ya'yansu suna aji ɗaya da namu, suna kuma girmama Maryamu da ɗanta. Ƙasar da ta sha abin da tamu ta sha ba ta bukatar dariyar da za ta bar tabo.

Kowane babban matsayi a ba yara 2 su koya, domin mura da zazzaɓi ba sa sallama a hunturu. Kowane yaro kuma ya sami abin yi, ko tumaki, ko taurari, ko 'yan amshi.

MATAKI NA 8: GWAJI

Mako na 1 da na 2, labari da motsi. Na 3 da na 4, magana da waƙa. Na 5, a haɗa duka daga farko zuwa ƙarshe ba tsayawa. Na 6, da kaya, a ainihin wurin da za a yi wasan.

Abu 3 za ka yi ta nanatawa: kada a ba jama'a baya, kada mutum biyu su yi magana lokaci ɗaya, a jira dariya ta lafa kafin a ci gaba. Tsaya a benci na ƙarshe ka saurara. Abin da ba ka ji ba daga can, ba a faɗe shi ba. Kada ka dogara da makirfo. Miƙa shi daga hannu zuwa hannu yana kashe wasa, wuta kuma tana iya ɗaukewa. Idan akwai, a kafa shi wuri ɗaya, a bar wa Kaka da mai karatu.

A waƙa, zaɓi masu amshi, waɗanda jama'a suka riga suka sani daga Littafin Waƙoƙi, don majami'a duka ta ɗauka. Roƙi makaɗa su sassauta hannu idan yara suna rerawa.

Ba duka, ba zagi. Yaron da aka tsawata wa a gwaji, muryarsa takan maƙale ranar wasa. Kada babba ɗaya ya keɓe da yara, manya 2 su kasance a kowane gwaji, ƙofa a buɗe, kowane yaro kuma a san wanda zai raka shi gida.

MATAKI NA 9: KAYAN WASA DA HAƊURRANSU

Kada ka yanka wa iyaye kuɗin ɗinki. Ranar da ka yi haka, 'ya'yan marasa hali za su daina zuwa ba tare da sun faɗi dalili ba. Alama ɗaya ta isa a gane kowace dabba. Gizo: baƙar riga da safa 4 cike da tsumma, a ɗinka a gefe, su cika ƙafafu 8. Kura: buhu mai ɗigon gawayi. Zaki: igiyar rama da aka warware a zagaye wuya. Kunkuru: babbar ƙwarya a baya. Ƙoƙi: koren zane. Mala'iku: farin zane da fikafikan kwali.

Ga abubuwan da ba a sassauci a kansu:
- Ba kyandir, ba fitilar kananzir. Auduga da busasshiyar ciyawar komi da iskar hunturu, tartsatsi ɗaya ya ishe su. Wutar makiyaya a yi ta da tocila a ƙarƙashin jan ƙyalle.
- Janareta a waje, nesa da taga. Hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ankara ba. Wayoyin wuta a bi da su ta jikin bango.
- Ba fentin gini a fuskar yaro. Shafa man kaɗanya tukuna, sannan gawayi ko farar ƙasa, nesa da ido.
- Abin rufe fuska yana toshe murya da gani. Gara kunnuwan kwali a ka, fuska a buɗe.
- Ba akuya ko jaki na gaske, ba jariri na gaske. Yarinya 'yar shekara 10 ba za ta iya da jariri mai kuka a gaban taro ba. 'Yar tsana ta wadatar.
- Kada a ɗora mala'ika a kan tebur ko benci bisa benci.
- A sa 'yan Birged ko matasa su hana harba nokaut kusa da wurin. Ƙararsa tana firgita yara, tana kuma iya tarwatsa taro.

MATAKI NA 10: RANAR WASA DA BAYANTA

Yara su iso awa ɗaya kafin lokaci, sun ci abinci, sun zaga. A sa musu rigar sanyi a ƙarƙashin kayan wasa. Babba ɗaya a kowane gefen labule da jerin masu shiga. 'Yan kallo ƙanana su zauna a tabarma a gaba, domin su ne masu ihu. Masu ɗaukar hoto da waya su tsaya a gefe.

Wani abu zai karkace, wannan tabbas ne. Ƙafar Gizo za ta cire, ko tunkiya ta hango uwarta ta ruga. Kai dai kada ka hau dandali, kada ka yi wa kowa tsawa daga gefe. Aikin Kaka ne ta ɗinke ɓarakar da magana ɗaya, shi ya sa ake ba babbar yarinya mai kaifin baki wannan matsayi.

A ƙarshe a kira sunan kowane yaro, har da wanda ya ja labule. Idan akwai kyauta, a ba kowa iri ɗaya. Washegari a mayar da zannuwan aro a wanke, a yi wa Mama shugabar Zumuntan Mata godiya ta musamman, a adana kayan kwali inda gara da ɓera ba za su kai ba. Sannan ka zauna ka rubuta wasan kamar yadda yaran suka yi shi, da sunayen waɗanda suka yi tumaki bana. Daga cikinsu za ka zaɓi Gizo da Maryamu na baɗi, kuma malamin da zai gaje ka zai tarar da takardar da zai fara da ita, wadda aka rubuta da harshen yaran garin nan.